Daga Mazari Zuwa Kwarashi: Yadda Fure Ya Hau Bangon Ɗakin Bahaushiya

Mafi yawan tarihin ƙasar Kano da aka rubuta tarihin waje ne: sarauta, yaƙi, fatauci, kasuwa da makaranta. Abin da ke faruwa bayan zaure, inda mata suke wuni, bai cika samun shiga littafi ba. Amma matan sun bar tasu shaidar a bangon ɗaki. Abin da mace ta rataya ko ta jera a bangonta yana faɗin abin da ta mallaka, da sana'ar da ta iya, da hanyar da kaya suka biyo kafin su iso gare ta.

A yau, a garuruwan gabashin Kano irin su Gaya da Ajingi da Toranke, kamar yadda yake a birni, cikin abubuwan da akan gani a ɗakin mace har da ƙananan furanni na zaren ulu, ja da rawaya da shuɗi, waɗanda aka saƙa da kwarashi aka jera a igiya, aka kewaya madubi ko saman ƙofa ko kan gado da su. Abu ne mai araha, har wani zai ga bai kai a yi masa rubutu ba. Sai dai idan aka bi zaren nan a hankali, zai kai mai karatu ga mutuwar wata babbar sana'a ta mata, wato kaɗi, da kuma yadda hannun da ya ajiye mazari ya nemi wani abin riƙewa.

Bango kafin zuwan fure

Toranke ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ajingi, a yankin da tun fil azal yake kallon Gaya a matsayin babban gari. Ita kuwa Gaya tsohuwa ce ƙwarai. Labarin kafuwar Kano ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka zo neman tama, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa. Garin yana kan hanyar da ta haɗa Kano da Barno, don haka mutanen yankin sun daɗe da sanin baƙon kaya. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma a da kusan duk abin da ake ƙawata ɗaki da shi daga gona da daji yake fitowa.

Farkon kayan ado shi ne ƙwarya. Ana shuka duma, a fafe shi, a kankare, masu sassaƙa su yi masa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Amarya takan zo da ƙorai manya da ƙanana, a jera su wata cikin wata, a rataye a ragaya, wato igiyar nan da ake saƙawa kamar raga a ɗaure a rufin ɗaki. Ragaya tana kare abinci daga ɓera da kiyashi, amma kuma ado ce, domin ita ido yake fara gani idan an ɗaga kai. Ke nan rataya abin sha'awa a igiya ba baƙon abu ba ne a ɗakin Bahaushiya.

Sai faifai. Mata ne suke ɗinka shi da kaba da ciyawa, su rina da karan dafi don samun ja, da baba don samun baƙi ko shuɗi. Faifai marufi ne, abin sheƙe tsaba ne, amma akwai faya-fayan da ba a taɓa ɗora su kan ƙwarya ba, don bango kawai aka yi su. A gidajen masu hali kuma akan ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida da na maƙeran farfaru na Kano, a goge su har su riƙa ɗaukar ido.

Akwai dalilin da ya sa mata suka ba wannan jere muhimmanci haka. A al'ada da kuma a shari'a, gida na miji ne, amma kayan ɗaki na matar ne. Iyayenta da danginta ne suka tara mata, kuma idan aure ya mutu da abinta take fita. Idan yunwa ta shigo ko ciwo ya kama yaro, tana iya zare tasa ɗaya ta sayar. Idan 'yarta ta isa aure, daga bangon nan za a fara ɗiba. Saboda haka ranar jere, lokacin da 'yan'uwan amarya mata suke zuwa shirya mata ɗaki, ba kwalliya kaɗai suke yi ba. Suna ajiye mata dukiya ne a inda kowa zai gani ya shaida, har da dangin miji da kishiya.

Abin lura shi ne, a duk wannan ado babu fure. Zanen ƙwarya da na faifai layuka ne da da'irori da kusurwoyi. Haka aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, haka dagin da magina suke yi a bango. Bahaushen da ya san furen tumfafiya da na gurjiya da na auduga, ya san wanda ake ci da wanda ake magani da shi, amma bai ɗauki fure abin zanawa ko ratayawa ba.

Hannun da ya riƙe mazari

Da wane kuɗi uwa take tara wa 'yarta waɗannan kaya? Amsar, tsawon ɗaruruwan shekaru, ita ce kaɗi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai darajar wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbuktu da Murzuk da Tarabulus. Akan yabi masaƙa da marina irin na Ƙofar Mata da Kura kan wannan, kuma sun cancanta. Amma kowane ƙyalle da suka saƙa suka rina, da zaren da mace ta kaɗa aka yi shi, kuma sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya sami abin aiki.

Aikin yana da matakai. A gurje auduga a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe don fitar da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan a zauna da mazari mai gululu a gindi, ana shafa alli a yatsu don kada zare ya zame. Ana fitar da siririn zare mai ƙarfi, ana kuma fitar da abawa mai kauri. Yarinya tana koya tun tana ƙarama, tsohuwa kuma tana yi har ƙarfinta ya ƙare. Sana'a ce da ta dace da kulle, don ba ta buƙatar fita. Yaro ko dillaliya ne za su kai zaren kasuwa su dawo da kuɗi. A cikin labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, kaɗi yana cikin ayyukan yau da kullum na mata. Ita ma Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da Ɗorayi, ta nuna girman cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gida ba tare da an gan su a kasuwa ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Burin 'yan kasuwar Ingila shi ne su kwashi audugar Arewa zuwa masaƙunsu na Lankasha, amma da farko abin bai yi musu yadda suke so ba, domin masu kaɗi da masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da su, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Don haka kaɗi bai mutu nan take ba. A hankali ne akoko da atamfa da zaren inji suka cika kasuwa. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, sai zaren hannu ya rasa mai saye in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Cikin ƙarni guda, sana'ar da kusan kowace mace ta iya ta koma abin da sai an nemi tsohuwa kafin a gani.

Mata ba su zauna haka nan ba. Wasu sun ƙara ƙarfi a ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ƙosai. Wasu sun shiga ɗinkin hula. A birnin Zariya ma, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a bincikenta, mata sun shiga aikin hannu na babbar riga, wanda a da na maza ne. Wasu kuma suka ɗauki wani baƙon ƙarfe ɗan siriri mai ƙugiya a baki.

Kwano ne ya fara kawo fure

Kafin kwarashi ya zo, fure ya riga shi shiga ɗaki, kuma a jikin kwano ya shigo. Tun zamanin Turawa kantunan kamfanoni suka fara kawo kwanonin ƙarfe masu fenti daga Turai, musamman Cekoslobakiya, daga baya kuma daga Hankon. A shekarun 1960 wasu 'yan kasuwar Hankon ɗin suka kafa masana'antun kwano a Legas da Kano, kaya suka yi araha, suka isa kasuwannin ƙauye. Langa da samira da kwalla da fanteka suka ture ƙwarya daga ragaya, suka hau kabad suka cika bango. Mafi yawansu kuwa farare ne ko rawaya, an zana musu manyan furanni ja da ganye kore. Editha Platte ta rubuta yadda irin wannan sauyi ya faru a ɗakunan matan Barebari a Barno, Barbara Cooper kuma ta bi tarihin kayan ɗaki a Maraɗi. Labarin kusan ɗaya ne daga Maraɗi har Maiduguri.

Atamfa ma ta taimaka, haka zanen gado da labule da tangaran. Sannan ga finafinan Indiya, waɗanda masu gidajen silima 'yan Labanan suka fara kawowa Kano tun shekarun 1950, daga baya bidiyo ya shigar da su har cikin ɗakunan matan kulle. A cikinsu ne mata da yawa suka fara ganin an jera furanni a zare an rataya wa ango da amarya a wuya, ko an kewaya ƙofar gida da su ranar biki. Indiyawa suna kiran na bakin ƙofar nan toran, sunan da ya yi kama da Toranke a kunne kawai. Ko ƙunshi bai tsira ba. A da mace takan zura hannu a zunguru ya fito ja gaba ɗaya, yanzu kuwa zanen fulawa ake yi har gwiwar hannu.

Harshe ya adana wannan tarihi. Abin da ya tsiro a jikin shuka shi ne fure. Amma wanda aka zana a kwano ko atamfa, ko aka shuka a tukunya don ado, ko aka yi da roba, fulawa ake ce masa, da kalmar aro. Bahaushe ya raba su ne domin ya san ɗaya ɗan gida ne, ɗaya kuma baƙo.

Asalin kwarashi

Kwarashi kansa ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Sunan daga Faransanci yake, inda yake nufin ƙaramar ƙugiya, ya biyo ta bakin Ingilishi ya iso mana. Bayanan farko da aka buga na yadda ake wannan saƙa sun fito ne a wata mujallar mata ta ƙasar Holan a farkon shekarun 1820. Abin da ya yaɗa sana'ar sosai kuwa masifa ce. Daga 1845 cuta ta lalata dankalin da talakawan Ailan suka dogara da shi, yunwa ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya. A lokacin ne mata masu hidimar coci da matan masu hali suka riƙa koya wa matan ƙauye saƙa leshi da kwarashi don su sayar su ci abinci. Abin da aka fi sanin saƙar Ailan da shi shi ne ƙananan furanni da ganyaye da ake saƙawa ɗai-ɗai, sannan a haɗa su. Furen kwarashi, tun daga tushensa, sana'ar mace ce mai neman rufin asiri a cikin ɗakinta.

Daga Ingila abin ya bi Turawan mulki da na mishan zuwa ƙasashen da suka mallaka. A Arewa an buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina a 1930, kuma 'ya'yan sarakuna da na fadawa aka fara ɗauka. Manufar ba ta wuce a fitar da matan aure masu tsabta da iya kula da gida ba, don haka ɗinki da saƙa da girki suka sami babban wuri a jadawali. Ɗaliban kaɗan ne, amma kowace ta koma gidan da ke cike da mata, kuma aikin hannu ba ya buƙatar allo. Wadda ta gani sau biyu ta iya.

Isar sana'ar karkara ya ɗauki lokaci. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan matan ƙauye aji, inda ake da darasin aikin hannu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wadda azuzuwanta na mata suka haɗa karatu da koyon sana'a. A 1987 Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1994 Maryam Abacha ta biyo da nata na tallafa wa iyali, aka buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi ana koyar da ɗinki da saƙa da yin sabulu da man shafawa. Da yawa daga cikin cibiyoyin nan sun mutu da gwamnatocin da suka kafa su, kekunan ɗinki suka yi tsatsa. Kwarashi ya tsira domin ba ya buƙatar gini ko lantarki ko jari. Ƙarfe ɗaya ne da ƙullin zare.

Zaren ma yana da nasa labari. Ana ce masa ulu, amma mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake samu daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitarwa kasuwa a 1950. Ba ya tsada, launinsa ba ya zuba, asu ba ya cin sa. Daga kasuwannin birni yake fitowa, ya bi ta Wudil ya isa Gaya da ƙauyukanta a cikin kayan 'yan koli. Jikar matar da ta sayar wa duniya zare yanzu ita ce mai sayen zare daga duniya.

Yadda furen yake fitowa

Abin da ya fara kawo kuɗi a saƙa shi ne kayan jarirai: rigar sanyi, hula, safa da shawul, musamman idan hunturu ya gabato ko ana shirin suna. Daga nan aka shiga marufin rediyo da talabijin, da shimfiɗar tebur, da abin ɗorawa a kan kujera. Duk waɗannan ayyuka suna barin guntayen zare, kamu biyar na wannan launi, kamu goma na wancan, waɗanda ba za su isa ko safa ɗaya ba. Furen ado daga wannan ragowa yake fitowa.

Mai saƙa takan fara da sarƙa, wato madauki cikin madauki, guda biyar ko shida, ta haɗa bakin da baki ya zama ɗan zobe. Wannan shi ne cibiyar fure, kuma yawanci da rawaya ake yin ta. Sai ta sauya launi, ta ɗaga sarƙa biyu ko uku, ta yi dogon saƙa biyu ko uku a cikin zoben, ta sauko ta ɗaure. Kunne ɗaya ya fita ke nan. Haka za ta maimaita har kunnuwa biyar ko shida su kewaye zoben, ta yanke zare ta ɓoye bakinsa a baya. Wadda hannunta ya faɗa tana gama ɗaya kafin ruwan tuwo ya tafasa. Idan furanni sun taru sai a saƙa doguwar sarƙa da koren zare, a riƙa maƙala su a jiki da tazarar yatsu huɗu ko biyar, wani lokaci a sa ganye a tsakani. Wasu sukan tsoma furannin a ruwan sitaci su shanya a kan faifai don kada kunnuwan su lanƙwashe.

Wanda ya san aikin faifai zai ga dangantaka a nan. Shi ma faifai daga cibiya ake fara shi, a riƙa kewayawa ana faɗaɗawa, ana sauya launi a inda ido ya ga ya dace, ana ƙirge a ka ba tare da takarda ba. Matan Turai da littafin zane suke koyon kwarashi, matanmu kuwa da ido suke ɗauka, su juya abin a hannu su ƙirga madaukai su kwaikwaya. Yanzu wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa abin, domin hoton da aka gani a Facebook ko bidiyon YouTube da aka tura ta WhatsApp ya isa darasi. Kayan aikin baƙi ne, amma ƙwarewar da ta karɓe su ta gida ce.

Tsakanin furen hannu da fulawar roba

Jeren yau ya yi nisa da na kwalla da samira. Gado da katifa da kujeru da kabad mai gilashi da firji su ne ma'auni, kuma nauyinsu ya kai inda yake hana aure ko ya jefa iyaye cikin bashi. Tun a shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna yadda tara kayan ɗaki yake cikin dalilan da ke sa a ɗora wa 'yan mata talla a Kano maimakon a bar su a makaranta. Gwamnati ma ta amsa cewa matsala ce. A auren zawarawa da aka fara a Kano a 2012 ta hannun hukumar Hisba, da wanda aka yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, gado da katifa da sauran kayan ɗaki suna cikin manyan abubuwan da aka raba.

A cikin wannan hali furen kwarashi ba dukiya ba ne irin tasa ko kwalla. Babu wadda za ta cire shi daga bango ta sayar ranar da ciwo ya zo. Darajarsa tana wani wuri dabam. Shi ne abin da ƙawa ko ƙanwa ko gwaggo marar kuɗi za ta iya kawowa ranar jere ba tare da jin kunya ba, domin lokacinta ta bayar. Kuma talla ne ga mai shi. Baƙuwar da ta shigo barka ta ga furen a kan madubi za ta tambayi wadda ta yi, daga nan a ba da aikin rigar jariri, daga nan a sami kuɗin zubin adashi. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana yi wa mata kiɗan ƙwarya tana zuga su kan riƙo da sana'a komai ƙanƙantarta, kuma irin wannan ƙaramar sana'a ce take riƙe da gidaje da yawa.

Abokin gabarsa shi ne fulawar roba da ake shigowa da ita daga Sin, mai ƙyalli, mai araha, wadda ake saya da yadi. Tarihi ya riga ya nuna yadda irin wannan karo yake ƙarewa: kwano ya ture ƙwarya, roba ta ture kwano, zaren inji ya ture mazari, kayan waje kuma suka rufe masaƙun Kaduna da Kano da suka kashe kaɗin. Sai dai kwarashi yana da wata kariya da mazari bai samu ba. An ƙera injin saƙa irin ta kibiya tun 1589 a Ingila, shi ya sa keken saƙa yake fitar da rigar sanyi cikin ɗan lokaci. Amma har yau babu injin da yake yin saƙar kwarashi ta gaskiya a masana'anta, domin kowane madauki sai an gama shi kafin a shiga na gaba, kuma ƙugiyar tana shiga ta kowace fuska. Duk furen kwarashi da aka gani a duniya, a kantin Landan ne ko a ɗakin amarya a Toranke, hannun mutum ne ya yi shi.

Wannan ya kamata ya sa a sake duban farashin da ake biyan masu yi. Mai saye yakan ƙirga kuɗin zare ne kawai ya ɗora ɗan abu a kai, kamar awannin da aka ɓata ba su da daraja tunda a cikin gida aka yi su. Haka aka yi wa kaɗi. An rubuta sunayen fatake da attajiran da suka yi arziki da tufafin Kano, ba a rubuta na mace ko ɗaya da ta kaɗa zaren ba, har sana'ar ta shuɗe ba a tattara ko kalmominta yadda ya kamata ba. Yau yara da yawa ba su san gululu ko abawa ba.

Tsofaffin da suka riƙe mazari da hannunsu suna nan da sauransu a Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye, amma suna ƙarewa. Haka matan da suka fara koyon kwarashi a ajin yaƙi da jahilci ko a cibiyar mata, waɗanda za su iya faɗin wadda ta koya musu, da sunan da suke kiran kowane irin saƙa, da nawa suka sayar da hular jariri ta farko. Ɗaliban Hausa da na tarihi a jami'o'inmu da ke neman abin bincike, da marubutan da ke cika shafuka da siffanta ɗakin amarya, suna da aiki a nan. Ba ya buƙatar tafiya Kaduna ko Landan neman tsofaffin takardu. Sallama ce a zaure, a nemi izinin shiga, a zauna a tabarma a tambayi mai ɗaki labarin abin da ke rataye a bangonta.